'Yar Tsohuwar Baffa da Tawadar Zaɓe

Jiya da hantsi jikata ta taka wata 'yar tsanar roba da uwarta ta sayo mata, abar ta yi ƙara kamar an matse ɗan tsako. Ina riƙe da kofin shayi, amma kafin in kai shi baki na isa tsakar gidanmu na Sheshe, ina ɗan shekara tara, ƙafata duk taɓo. Da irin muryar nan 'yan tsanan Baffa suke magana, mai karatu, kuma da ita aka taɓa ciyo kan tsohuwar da ko jirgin ƙasa ba ya iya ja.

Baffa yayan mahaifina ne, baduku, rumfarsa tana Ƙofar Wambai. Takalma da jakunkuna yake ɗinkawa, amma abin da ya fito da shi a unguwa dabo-dabo ne. Kawunan 'yan tsanansa da icen rimi yake sassaƙa su, don ba shi da nauyi, ya lulluɓe da jar fata, ya liƙa wuri, irin kuɗin da, a matsayin ido, teloli maƙwabtansa su ba shi ƙyalle ya yi musu sutura. In za a yi wasa sai ya kafa sanduna huɗu, ya baza tsohuwar babbar rigarsa a kai kamar tanti, ya shige ƙarƙashi, 'yan tsana su riƙa leƙowa ta wuyan rigar. A saman bakinsa kuma yana maƙala wasu 'yan ɓallin gwangwani biyu da ya ɗaure da zare, su ne suke mayar da muryar ƙato ta koma ta sauro. Ya taɓa haɗiye su sau ɗaya. Kwana uku in ya yi tari sai kajin gida su taru, suna zaton 'ya'yansu ne suke kira.

A cikin 'yan tsanan akwai ɗan doka da malami da ɗan kasuwa, amma tauraruwarsu 'Yar Tsohuwa ce, mai jan baki irin na goro da ɗankwali a karkace. Dabarar Baffa ɗaya ce: ba ya koya wa kowa komai. 'Yar Tsohuwa ce za ta yi abu a baibai, 'yan kallo su yi ta ihu suna gyara mata, a tashi kowa ya tafi gida yana ganin shi ne malamin.

A daminar shekarar da soja suka yarda za su miƙa wa farar hula mulki, aka ce mata ma za su fita zaɓen manyan kujeru, abin da iyayenmu mata ba su saba ba. Mai unguwa ya roƙi Baffa ya riƙa bi lungu-lungu bayan la'asar yana nuna yadda ake dangwala yatsa a takarda. Wasa ya karɓu. Har daga Ƙofar Na'isa ana aiko masa.

Gida ɗaya ne ya gagara a duk unguwar, kuma namu ne. Laifin kuwa nawa ne, gara in faɗa tun ba a tone ni ba.

Kakarmu ta wajen uba ita ce gwamnatin gidan. Baffa ɗanta ne na fari, don haka tana yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta faɗar sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa wa bango. In tana da saƙo sai ta kira ni, angonta, kamar yadda take tsokanata, ta ce in gaya wa "wancan" kaza, ko da wancan ɗin yana tsaye taku uku daga inda take. Ni kuwa tun ina ƙarami saƙo ba ya ratsa bakina ya fita yadda ya shiga. In aka ba ni ɗan tsako, kafin in ƙetare tsakar gida ya zama jimina.

Wata rana tana tsinke zogale ta tambaye ni, kamar ba da gangan ba, wai me wancan yake nuna wa mutane a waje. Baffa ya taɓa cewa tawadar zaɓe takan ɗan kwana biyu a yatsa. Ni kuma na gyara zama na ce mata tawadar daga ƙasar Turawa aka kawo ta, in ta hau yatsa ta hau ke nan har kabari, ruwa ba ya ratsa ta, ko an kwana ana gogawa da dutse. Kaka ta ajiye zogale. Ta ce abin da ruwa ba ya ratsawa ai ya hana alwala, ita kuwa ba za ta sayar da sallarta saboda kujerar wani ƙato ba. Kafin magariba doka ta zaga gida. Mata bakwai ne suka isa zaɓe a gidanmu, kuma in Kaka ba ta ɗaga ƙafa ba, babu wadda za ta nemi mayafinta.

Mahaifina ya je ya yi mata bayani, ta ce yaushe aka haife shi. Matan gida sun san ƙaryata ce, amma wa zai ce wa Kaka yaro ya ruɗe ta? Magana ta fita waje. 'Yan rumfa suka fara yi wa Baffa ba'a, wai mai maganin sanƙo ga kansa yana ƙyalli. Mai unguwa ma da suka haɗu a masallaci ya tambaye shi, cikin murmushi, ko a aiko masa da mai dabo daga wata unguwa ya taimaka wa gidansu. Saura kwana uku zaɓe, ga mutumin da ya wayar da kan rabin birni ba shi da bakin yi wa mahaifiyarsa bayani.

Ranar Alhamis aka yi ruwa da azahar, ya ɗauke, ƙasa tana ta ƙamshi, indararo yana ɗiga. Bayan la'asar sai ga Baffa da sandunansa. Ya kafa su a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Kaka, ya sanar da cewa wasan yara zai yi. Yaran gida da na maƙwabta muka zube a tabarma, iyayenmu mata suka tsaya daga bakin madafi. Kaka tana kan 'yar kujerarta, ta juya wa rigar baya, tana jan carbi da ƙarfi kamar carbin ne ya yi mata laifi.

'Yar Tsohuwa ta leƙo tana kuka. Ta ce ita ba za ta je zaɓe ba, tawada za ta hana ta alwala. Carbin Kaka ya ɗan tsaya. 'Yar Tsohuwa ta ci gaba da cewa saboda tsoron haka ma ta daina ƙunshi, don lalle ma yana kama fata. Ta daina cin goro, kada jan ya hana ta kurkure baki. Jiya kuma ta kori jikanta daga gida saboda ya taɓa rigar da aka rino a karofi, hannunsa ya yi shuɗi, ta ce ba shi da sauran salla sai dai a sake masa wani hannun. Muna ta birgima. A nan haƙurin Kaka ya ƙare, ta juyo da kujera gaba ɗaya.

"Ke tsohuwar banza, wa ya karantar da ke? Lalle ai launi ne, ba shi da jiki. Marina nawa ne a garin nan, duk ba sa salla?"

"To ita tawadar fa, Hajiya?" in ji 'Yar Tsohuwa, tana share ido da gefen ɗankwali.

Kaka ta waiwayo ta dube ni. Har yau in na tuna kallon nan sai in ji kunnena na dama yana zafi, domin shi ta fara kamawa daga baya.

Aka turo gwangwanin tawada da takarda daga ƙarƙashin riga. Baffa bai taɓa zana alamar wata jam'iyya ba, kada a ce ya karkata. Buta ya zana, da ludayi, da takalmi, da tulu, da kujera. 'Yar Tsohuwa ta tsoma hannu duka ta shafe takardar. Aka ba ta wata, ta dangwala wa buta da ludayi tare, wai dukansu suna da amfani a gida. A ta uku ta dangwala a kan layi don kada kowa ya ji haushi. Kaka ta ce ita ba ta taɓa ganin daƙiƙiya irin wannan ba, a miƙo mata takardar. Ta tsoma babban yatsa, ta danna a gaban buta, tsaf, kamar tun zamanin Turawa take yi. Ta sa aka kawo ruwa ta zuba a yatsan, ta ga ya jiƙe kamar kowane yatsa. Ta ɗaga shi tana nuna wa 'Yar Tsohuwa, tana ce mata haka masu hankali suke yi.

'Yar Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ce, "To jibi za ki raka ni? Ni kaɗai tsoro nake ji."

Kaka ta dubi rigar. Damina ce, an yi ruwa rana ta buɗe, ƙarƙashin rigar nan kuwa ko gurasa aka saka za ta gasu. Gumin Baffa ya jiƙe wuyan rigar sharkaf.

"Zan raka ki," in ji ta. "Ki kuma gaya wa wanda yake ɗauke da ke ya fito ya sha iska. Tun yana goye ba ya jure zafi. Ki ce masa na ga aikinsa. Allah ya yi masa albarka."

'Yar Tsohuwa ta langaɓe a wuyan riga kamar an zare mata laka. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, ranar ya fara jin haka daga bakin mahaifiyarsa ba ta hannun ɗan aike ba. Sai muka ga rigar tana rawa. Baffa kuka yake yi, amma ya manta da gwangwanin da ke bakinsa, kukan yana fitowa tsiyau-tsiyau kamar an taka 'yan tsaki goma. Yara muka fashe da dariya, muna zaton cikin wasan ne. Iyayenmu mata suna dariya suna goge ido. Kaka ta juya wa rigar baya, ta ce hayaƙin madafi ya dame ta, alhali ko wuta ba a hura ba.

Ranar Asabar ita ce a gaba, mata shida a bayanta kamar agwagwa da 'ya'yanta. Ta dawo da yatsa a sama, ta bi gidajen maƙwabta tana yi wa tsofaffi bayanin hukuncin tawada, ba ta ko ambaci cewa an taɓa samun saɓani ba. Wa ta zaɓa? Ta ce sirri ne, haka ta gaya wa 'Yar Tsohuwa ma. Ni kuma aka sauke ni daga muƙamin ɗan aike ba tare da sallama ba. Daga ranar, in tana da magana mai nauyi da Baffa, sai ta ce a kira mata tsohuwar nan. Ya zo ya zauna a bayan ƙofa, ya miƙo hannu da 'yar tsana, su yi ta hira har a kira magariba. Da sallar layya ta ɗinka wa 'Yar Tsohuwa sabon ɗankwali da hannunta.

Duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yanzu maiɗakina tana kiran ɗanmu na fari a waya, ta faɗi sunansa gatsau, har ta yi masa faɗa a kan bai ci abinci ba, ni kuwa ban ga laifin hakan ba. Masu dabo-dabo sun ɓace daga lungunanmu, yara suna kallon nasu a cikin waya. 'Yar Tsohuwa tana nan a adakata, ido ɗaya ya faɗi, ɗankwalin Kaka yana kanta. Jiya na fito da ita na sa a hannu, na maƙale murya na ce wa jikata ni ma ba na shan magani, ɗaci gare shi. Yarinyar da aka yi kwana biyu ana fama da ita a kan shan magani ta riƙe ƙugu, ta ce wa 'Yar Tsohuwa ba ta da wayo, ta ɗauki cokali ta nuna mata yadda ake sha.