Takarda ta Uku

Shekara ashirin da shida Sayil, wanda kowa ke kira Abu Nayif, ya yi yana ɗauko gawa daga asibitocin Amman zuwa ƙauyukan Tafila, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa rubuta masa tara ba. Motarsa tsohuwar farar bas ce da aka cire wa kujerun baya, aka shimfiɗa koren kafet inda makara ke zama. Yakan fita bayan sallar asuba, ya dawo da mamaci kafin la'asar. Allurar malejinsa kuwa a tamanin da biyar take zama kamar an kafe ta da ƙusa. Dangin mamaci su yi ta matsa masa hon daga baya, shi ko a jikinsa.

Duk shekara idan ya je sabunta inshora, Ustaz Haisam, ma'aikacin ofishin, sai ya duba kwamfuta ya yi dariya.

"Baffa, wai tuƙa motar nan kake yi ko tura ta? Fes, ko ɗigo babu!"

"Fasinjojina ba su da sauri, ɗana. Yi mini ragina in tafi."

Ragin nan na mai tsabtar takarda shi ne ke riƙe da sana'ar. Abin da ake ba shi ba yawa, wasu ma addu'a ce kawai. Matarsa Wadha ta sha gaya masa haka. Ita dai mace ce mai baki kamar aska, babu maƙwabciyar da ba ta yi cacar baki da ita ba, a kan kaza, a kan ruwa, a kan inuwar itacen ɓaure. "Kai da matattunka," in ji ta, "su ne kaɗai suke iya zama da kai awa uku ba su gaji ba." Tana faɗa tana cusa masa gurasa da zaitun a jaka, don ta san ba zai tsaya ya ci a hanya ba.

Abin ya fara ne da Hajja Tamam, wata tsohuwa da ta ƙare rayuwarta tana gasa gurasa tana bai wa yaran unguwa kyauta. Ranar da ya ɗauko gawarta, da rana tsaka ne, hanya fayau, rana ta take kwalta har tana ƙyalli. Sun doshi garin Katrana, inda kyamarar kama masu gudu take tsaye a kan sandarta, sai Sayil ya ji motar ta yi sakayau, kamar an sauke mata kaya. Ƙarar injin ba ta canza ba. Amma duwatsun gefen hanya sun fara wucewa da sauri. Ya duba maleji: ɗari. Ya ɗaga ƙafarsa gaba ɗaya daga totur. Ɗari da goma. Ya taɓa birki, ya ji shi da laushi kamar ƙullu. Ya duba madubi, makara na nan a rufe da mayafinta, ko motsi. Kyamara ta yi wal! Suna wuce ta motar ta koma nauyinta, allura ta sauko tamanin da biyar ta zauna.

Sai da ya tsaya a gefen hanya ya yi ta salati. Tsoro ya ji, tsoro sosai.

'Ya'yan Hajja Tamam da ke biye da shi sun ga komai. Dama tun kakanni ana cewa mutumin kirki yakan ja masu ɗaukar makararsa, don yana ɗokin abin da ke jiransa. To ga shi yau da lamba da kwanan wata. Da takardar tara ta fito, babban ɗanta ya biya, ya karɓe ta, ya sa a gilashi ya rataye a ɗakin baƙi kusa da hoton mahaifinsu.

Shi ya biya tara, amma inshora a kan Sayil ta sauka. Ragin shekara ashirin da shida ya tafi a rana ɗaya.

"Ka gaya musu ba kai ba ne mana," in ji Wadha.

"In ce wa?"

"Ka ce tsohuwa ce ta karɓi sitiyari! Su aika mata da takardar can inda take."

Daga nan mutane suka lalace, wallahi suka lalace. Duk wanda aka yi wa rasuwa, Abu Nayif yake nema, ko da akwai motar asibiti kyauta. Ana dosar Katrana sai ka ga motocin dangi sun matso, wuya a miƙe, ana jiran walƙiya. Idan aka wuce shiru, a wajen zaman makoki sai a riƙa kallon ƙasa, ana shan gahawa ba a haɗa ido. Wani attajiri mai gonar zaitun ya ja shi gefe a ƙofar asibiti, ya danna masa dinari hamsin a aljihu.

"Abu Nayif, mahaifina ya yi Hajji sau huɗu. Ɗan taka kaɗan, ba wanda zai sani."

Sayil ya mayar masa da kuɗinsa. "Ni direba ne, ɗan'uwa, ba mala'ika ba." Ya kai Alhajin gida a tamanin da biyar, kuma har yau gidan ba sa amsa sallamarsa.

Wata bakwai bayan haka abin ya sake faruwa, da wani makiyayi da ko mutum biyar ba su bi gawarsa ba. Sakayau ɗin nan, birkin nan mai laushi, walƙiyar nan. Wannan karon Ustaz Haisam bai yi dariya ba.

"Baffa, biyu ke nan, kuma duk gudu ne mai yawa. Motar haya ce, ta tsufa, kai ma ka manyanta. Idan ta uku ta shigo, kuɗin da kamfani zai yanka maka ya fi ƙarfin abin da motar ke kawowa. Ba inshora, ba sabunta lasisi. Sai dai ka ajiye ta."

"Ƙafata ba ta kan totur, ɗana."

Haisam ya kalle shi, ya kalli kwamfuta. "Babu gurbin rubuta wannan a nan."

Tun daga ranar Sayil ya koma rage gudu zuwa sittin tun kafin Katrana, yana magana da na baya a hankali: "Bawan Allah, ka yi haƙuri, za mu isa. Abincina ne." Shekara guda ta wuce lafiya.

Sai Wadha ta kwanta. Kwana tara a asibitin Amman, ta rasu ranar Talata da hantsi. Ɗansu Nayif ya ce a nemo wani direba, Sayil ya ce ba mai tuƙa ta sai shi. Tun suna asibiti maganar matan unguwa ta iso kunnensa, don irin wannan magana ba ta ɓata hanya: "To, yau za mu gani. Allah ya sa motar ma ta iya tashi da nauyin bakin nan." Mota goma sha ɗaya suka biyo shi, har da waɗanda shekara da shekaru ba su taka ƙofar gidansa ba. Ba zumunci ne ya kawo su ba, kallo suka zo.

Shi kaɗai ne a gaba. Jakar gurasa ba ta kan kujera, karo na farko. Bai rage gudu zuwa sittin ba, ya bar allura a tamanin da biyar, ya sassauta ƙafa, yana jira. Ya tuna hunturun da ta sayar da awarwaronta aka canza wa motar nan inji, ta hana shi gaya wa kowa. Ya tuna ita ce ke aika wa makiyayin nan abinci a ɓoye, tana zaginsa a fili. Sandar kyamara ta bayyana can nesa, ƙarama kamar tsinke.

"Ummu Nayif," ya ce, "ga wurin nan fa."

Motar na nan da nauyinta. A madubi makara, bayanta motoci sun matso.

"Wadha, ke da ba kya jiran kowa. Yau kuma me kike jira?"

Allura ba ta motsa ba. Sanda na ƙara girma. Ya san abin da takarda ta uku take nufi, ya san shi sarai. Ya ce bismillah, ya take totur har ƙasa.

Wal!

Bayansa hon ya kaure, ana kabbara ta tagogi. A wajen makoki matan da suka yi gulma su ne suka fi kowa kuka, suna cewa dama sun san zuciyarta fara ce. Nayif ya sa takardar a gilashi.

Da lokacin sabuntawa ya zo, Haisam ya rubuta adadin a 'yar takarda ya tura masa, don ya kasa faɗa da baki. Sayil ya duba, ya ninke, ya yi godiya ya fita. Motar tana nan a ƙarƙashin itacen ɓaure, tayoyinta sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ba rashin motar ne ke cinsa ba. Takardar cewa ta yi ɗari da talatin da huɗu. Shi kuwa bai taɓa take motar nan har ƙasa ba sai ranar, bai san iyakar abin da tsohon injin zai iya bayarwa ba. Wataƙila ƙafarsa ce kaɗai. Wataƙila a daidai lokacin da ya taka ita ma ta ja, da ya ƙara haƙuri na numfashi ɗaya da ya gani da idonsa. Hanyar sani ɗaya ce: ya fitar da motar ba kowa a ciki, ya je Katrana ya take ta ya ga inda allura za ta tsaya. Mota kuwa ba inshora ba ta hawa titi.

Kullum bayan la'asar yakan buɗe ƙofa ya zauna a kujerar direba, ya gyara madubi ya kalli koren kafet ɗin.

"Ni ne ko ke ce?" yakan tambaya.

Shekara arba'in da aurensu ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba amsa ba. Wannan kam ta bar shi da ita.