Baƙuwar Ummi Daga Bakin Teku

Ku sababbin ma'aikata kuna dariya idan na ce ku duba idon halitta kafin ku rubuta sunanta. To, ku zauna ku ji labarin wata Alhamis da har yau ba ta fita raina ba.

Lokacin ina ƙaramin mataimaki a wannan kamfani. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne zuwa bakin teku kafin a fara gini, mu tantance halittun da ke wurin, mu ba da rahoto. Shugabar ayarinmu Dakta Sa'adatu ce, 'yar Zariya da ta zo aikin kwantiragi. Ta daɗe tana farautar wata 'yar tsaka mai wuyar samu a duwatsun arewacin Jidda, sai ranar Allah ya ba mu guda ɗaya tak. Ba ta kai ɗan yatsana ba. Sai Lahadi ƙwararre zai zo ya gan ta da rai. In ya tabbatar da jinsinta, za a bar waɗannan duwatsu, in ta mutu kuwa, katafila ce za ta bi ta kansu.

Ofis ana kashe na'urar sanyi ranakun hutu. Dakta ta miƙo mini akwatin roba ta ce, "Usman, ka tafi da ita gida. Amana ce."

Na ce to, amma da matsala. Gidanmu a unguwar Bani Malik ta Jidda, kowa ya san Ummi, mahaifiyata, da tsaka ba sa ga maciji. Silifa ɗaya, duka ɗaya, shi ke nan, kuma ta ce lada ta samu.

Na ɓoye akwatin bayan labule. Ɓoyo a gidan Ummi? Ina! Na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da murfi a buɗe, silifa a sama.

"Ummi, don Allah! Wannan ba tsakar gida ba ce!"

"Ya waladi, ɗana, tsaka tsaka ce. Matsa!"

Na durƙusa ina zuba bayani kamar mai karanta darasi. Na ce ta duba ido: na tsakar gida tsaga ce a tsaye irin na kyanwa, na wannan kuwa zagaye yake. Ta duba yatsu: waccan masu faɗi ne da take manne wa bango, wannan sirara ne da farata. Waccan da dare take yawo, wannan da rana tsaka. Danginsu ma daban aka rubuta su.

Ummi ta sunkuya tana harara. Sai 'yar banzar ta ɗaga wutsiya ta nannaɗe ta bisa bayanta, tana kaɗawa, yadda suke yi wa junansu alama.

"La ilaha! Gaishe ni take yi? Daga ina ka ce ta zo?"

"Daga bakin teku."

Ta sauke silifa. "To baƙuwa ce ke nan. Gidan nan tun zamanin kakanka ake saukar alhazai, ba a taɓa dukan baƙo a cikinsa ba. Ta ci abinci?"

Wallahi, sai ga Ummi a baranda tana kamo mata ƙananan ƙwari, tana yi mini faɗa wai na bar baƙuwa da yunwa. Na yi dariya har da hawaye.

Ranar Lahadi ƙwararre ya tabbatar, duwatsun suka tsira, muka mayar da ita inda muka kamo ta. Ina shiga gida Ummi ta tambaya, "Ta isa lafiya?"

Abin da na koya ke nan a wannan sana'a: ka duba da kyau kafin ka yanke hukunci. Ummi ma ta ɗauka. Har yau tana bin tsakar gida da silifa, amma sai ta tsaya duba ido tukuna, kuma kafin ta gama, tsakar ta shige bayan kabad. Tun daga ranar ba ta sake samun ko ɗaya ba.