Taɓaryar Inna a Cikin Waƙa

Ƙanena da abokinsa ɗan Argungu sun fara waƙa ne a ɗakin ƙofar gidanmu da ke Gesse, da tsohuwar kwamfuta da fiyano mai maɓalli ɗaya a karye. Ƙanena ke da murya, abokin ke haɗa kiɗa. Waƙoƙinsu na farko kwaikwayon 'yan Kano ne zalla, na'ura ta matse muryar har ta koma kamar ta sauro. Ni da nake yayarsa ma ban iya sauraro har ƙarshe.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta hana ba, ba ta kuma sa albarka ba. Da an taɓo zancen sai ta kama wata hira. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo a wurin ƙanena. Ya ce min in aka kai girbin shinkafa ba ta ce komai ba, zai ajiye waƙa ya koma gonarmu ta Zauro. Na san halinsa, zai aikata.

Abokin ne ya sauya musu hanya. Wata safiya ya ji Inna da maƙwabciyarmu suna lugude a kan surfen shinkafa, ana cilla taɓarya sama ana tafi, sai ya lallaɓa ya ɗora wayarsa a kan katanga, ya naɗi sautin. A kan wannan bugun suka gina sabuwar waƙa. Suka zubar da kiɗan aro, suka sa garaya, ƙanena ya rera da muryarsa ta Allah da harshenmu na gida. Kafin ka ce me, 'yan kabu-kabu sun ɗauke ta, ko'ina sai ita. Gaskiya na yi alfahari da su, ko da yake ban nuna ba, kar kansu ya kumbura.

Inna ta ji ta ne a cikin keke, muna dawowa daga kasuwa. Ta kasa kunne har muka iso gida.

Da muka shiga ta sa aka kira su. Suka durƙusa, ƙanena kai a ƙasa.

"Wanga bugu nawa na," in ji ta. "Amma rannan hannuna na ciwo, ban yi shi yadda ya kamata ba. Ku taho da wayar taku gobe da sahe."

Washegari tun kafin su iso ta wanke turmi, ta ɗaura sabon zane.