Kiwa Mai Zuba Dusa a Miya

Kiwa Momose mace ce da ba ta iya zama ba. A ƙauyensu na kan duwatsun Shinano ma a tsaye take cin abinci. Sha'ir da gero da wake ake ci a gidansu, farar shinkafa kuwa sai ranar sabuwar shekara. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba, danginsa suka maido ta gida. Tana da shekara talatin da huɗu ta gangaro garin Okaya a bakin tafkin Suwa, ta kama aikin girki a wata masana'antar zaren siliki mai 'yan mata ɗari da ashirin.

Abin da ke fito da 'yan matan daga ƙauyukansu ba ɓoyayye ba ne: farar shinkafa sau uku a rana, iya cikinki. Mahaɗin bai taka kara ya karya ba, 'yar miyar miso ce tsararo, wato irin daddawarsu ta waken soya, amma wa ya damu? Kiwa ta dafa, su cinye, su kankare tukunya.

Da zafi ya shigo sai ƙafafu suka fara nauyi. Yarinya ta hau matakala uku ta tsaya tana haki. In ka danna ƙwaurinta da yatsa, ramin ya zauna. Kakke suke kiran ciwon. Likita ya zo ya ce ƙwayar cuta ce da danshin ɗakin kwana. Kiwa ta wanke daɓe da ruwan zafi, ta shanya katifu, ta tafasa ruwan sha, ta ƙone tsummokara. A banza. A wata na bakwai wata yarinya mai suna Tsuya ta dafe ƙirji a gaban tukunyar ruwan zafin da take warware zaren siliki, kafin la'asar ta cika.

Kiwa ce ta yi mata wanka. Daga ranar hankalinta bai sake kwanciya ba. Tana yankan albasa tana magana ita kaɗai. Abin da ya fi ɗaure mata kai, waɗanda suka fi ci, suka fi zafin nama a wurin aiki, su ne ke fara faɗuwa. Ta yaya mutum zai ƙoshi kuma ya rame ta ciki?

Da kaka ta yi, wasu da iyayensu suka goya suka kai gida rai a hannun Allah sai ga su sun dawo da ƙafarsu, kumatu jawur. Kiwa ta tare ɗaya a bakin rijiya.

"Ke Haru, zo nan. Wane magani aka ba ki?"

"Magani? Inna, a gidanmu? Ko kuɗin gishiri babu."

"To me kika ci?"

"Abin da na gudo na bari mana. Sha'ir da jan wake, safe da yamma, har na tsani ganin akushi."

Ta tambayi ta biyu, ta tambayi ta biyar, amsa ɗaya. Sai ta dubi kanta. Ita ba ta taɓa kumbura ba, ita da ba ta samun zaman cin shinkafa, sai dai ta tsinci gauta da kokwamba daga tulun dusar shinkafa da gishiri inda take tsuma su, ta haɗa da ragowar sha'ir ɗin da 'yar'uwarta ke aiko mata.

Zafi na sake shigowa ta zuba sha'ir cikin shinkafa, mudu uku a cikin goma. Ɗakin cin abinci ya kaure.

"Inna Kiwa, fursunoni muka zama?"

"Dokin babana ma ya fi wannan cin daɗi!"

Wadda ta fi kowa baki ita ce Mine, yarinyar da babu mai kamo ta a saurin zare. Ta ture kwanonta ta ce, "Kwana biyar na yi ina tsallake dutse cikin ƙanƙara. Ba don in zo in tarar da tukunyar kakata ba."

"Kakar taki ƙafarta ta taɓa kumbura?" in ji Kiwa.

"Ta taɓa ƙoshi?"

Aka kwashe da dariya. Kafin azahar mai masana'antar, Furuhata, ya aiko a kira ta.

"Kiwa, masu nemo mana ma'aikata sun yi wa iyaye alkawarin farar shinkafa. So kike a ce na fara ƙwauro, baɗi in rasa ko yarinya ɗaya?"

"Maigida, shinkafar ce ke kayar da su. An goge mata wani abu a wurin surfe."

"Likita ya yi karatu a Tokyo. Ke a ina kika yi naki?"

Ta sunkuya ta fita, amma ba ta daddara ba. Ta riƙa zuwa wurin masu surfe tana kwaso dusar da ake ba kaji, ta soya ta sama-sama har ta yi ƙamshi, ta dama a miya. Ta cika tuluna shida da gauta. Kwana tara ana sha, ana cewa miyar Inna ta yi kauri, sannan wata ta leƙa madafa ta gani. Furuhata ya ce in ta ƙara, ta tattara kayanta.

Mako uku bayan haka Mine ta faɗi. Fuska ta kumbura, zuciya na bugawa kamar za ta fasa ƙirji, gidansu kuma ya yi nisan da ba za ta kai da rai ba. Kiwa ta jiƙa dusa ta tace, ta dafa jan wake, ta durƙusa a kanta.

"Ba na shan abincin kaji," in ji Mine da ƙyar.

"Sha ki warke, ki zage ni a tsaye. Buɗe baki, 'yar nan."

Ta sha. Kwana na uku numfashi ya daidaita. Kwana na goma ta taka zuwa rijiya tana dafa bango. Ba ta yi godiya da baki ba, sai dai ranar da ta koma ɗakin cin abinci ta miƙa kwano ta ce da ƙarfi, "Inna, a sa mini mai kaurin." Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, suna yatsina fuska. Furuhata ya kau da kai, ya ce kawai kada maganar ta fita ƙofa. Shekarar ba a binne kowa ba.

Da wata ce ta samu haka, da ta zauna ta ci gajiyarta. Kiwa kuwa tunanin bututun hayaƙin masana'antun da suka kewaye tafkin take, kowanne da ɗakin kwanan 'yan mata a ƙarƙashinsa. Ta ajiye aikin ta koma wata masana'antar. Cikin shekara goma sha takwas ta yi girki a wurare bakwai. Biyu sun kore ta, a ɗaya an jefe ta da kwano har ya bar mata tabo a goshi, sauran suka saba da miyarta.

Ta tsufa a gidan 'yar ƙanwarta a garin Shiojiri. Nan wata ma'aikaciyar jinya mai zagaya gidaje ta zo duba mata gwiwa, hira ta kai su kan kakke. Matar ta ce ai masana sun gano shi, wani sinadari ne ɗan mitsitsi a ɓawon shinkafa, bitamin suke ce masa. In babu shi, jiki ba ya iya juya abinci ya zama ƙarfi, shi ya sa mai yawan ci da yawan aiki yake riga kowa faɗuwa.

Kiwa ta gyara zama. Ta ce, "Kamar a cika murhu da itace a hana shi iska ke nan."

"Kusan haka, Kaka."

"To su masu girkin an gaya musu? Ko kuna can kuna gaya wa junanku?"

Matar ta ce ana ƙoƙari. Kiwa ta jawo sandarta ta ce a nuna mata gidan da za a shiga gaba. Shekara biyu ta yi tana bin matar nan gida-gida tana buɗe wa mutane tukwane, wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, har gwiwar ta ƙi gaba ɗaya. Ta rasu da bazara, tana da shekara saba'in da ɗaya.