Goron da lokotoro ya ƙi karɓa

Jiya Kaka ta leƙo wayata ina karanta labarin soyayya na zane, lokotoro, wato likita, ya rungume wadda yake jinya. Ta yi tsaki.

Ta ce, "Shekarar 'yancin kai na ƙone a hannu. Lokotoron garin Gazawa ba ya taɓa ni sai ya ce, 'Kin yarda?' Ni ko har mafarkinshi nike. Na kai mishi goro, ya ce, 'Riƙe abinki. Mai ciwo ba ta iya ce wa mai magani a'a.'"

"Da kika warke fa, Kaka?"

Ta lumshe ido. "Ya aje farar riga, ya zo zance. Na ja mishi rai har gero ya nuna."

Kakana ke nan, Allah ya jiƙan shi. Ku fa, wa ya taɓa jiran amsarku haka?