Tsumman da Kaka ta Cusa a Kafar Iska

Ina shekara goma sha ɗaya Kaka ta zo wurinmu a Edmonton, wata unguwa a London, da niyyar wata uku. Fasfonta ya tafi ofishin shige da fice na Croydon neman ƙarin kwanaki, ya zauna can. Ba ta iya komawa Kano, sanyi kuma ya hana ta ko leƙa ƙofa. Duniyarta ta zama falonmu da murhun ƙarfe na itace da muka tarar a gidan.

Kafin a kunna shi, Umma ta kira mai sharar bututun hayaƙi. Ya share, ya nuna mana wata kafa a ƙasan bango, ya ce ta nan wuta ke shan iska, kada a rufe. Ya ɗora wata 'yar na'ura a kan kanta mai kuka idan iska ta gurɓace. Ni kaɗai na karanta takardar da ya bari, har sau biyu.

Duhu kan shiga tun ƙarfe huɗu. Umma na aiki, ni da Kaka mukan zauna gaban murhu bayan magariba. "Malama, ajiye littafin nan," takan ce. "Ga wata tafe da ƙafarta, ki ba ta wuri."

Ran nan tatsuniyar gafiya ta kawo. Kowace gafiya ƙofa biyu take yi wa raminta. Wannan kuwa raguwa ce, ta ce ƙofar baya sanyi take kawo mata, ta toshe da ƙasa. Ta yi barci mai daɗi. Da manomi ya cinna wa kara wuta a bakin ramin, hayaƙi ya shigo, ta juya baya ta tarar da aikin hannunta.

Ina saurare kaina na sarawa. Wutar ta yi lis, gilashin murhun ya yi baƙi. Kwana biyu ke nan da na ga tsohon zanen Kaka cushe a kafar bango, yadda ake toshe ƙasan ƙofa a gida. Na'urar ma ta naɗe ta ta sa a durowar kicin, wai ta cika tsiwa. Na sani, amma ta yaya jika za ta ce wa kakarta ta yi kuskure? Sai na ga Kaka na hamma, maganarta na ja.

"Kaka," na ce, "gafiyar nan, da zane ta toshe ko da ƙasa?"

Ta dube ni, ta dubi bango. "Ke, 'yar nema! Ni ce gafiyar?"

Na zare zanen, na buɗe ƙofa da taga, na ja hannunta muka fita. Muka tsaya a bakin titi cikin bargo ɗaya, na buga wa Umma. Kaka na karkarwa tana cewa, "Wace irin ƙasa ce wannan, ɗaki ma sai an bar masa hanci?" An duba mu a asibiti. Ba a sake kunna murhun ba sai da mai sharar bututun ya dawo, na'urar ta koma kan kanta.

Yanzu ina jami'a, a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu. Na daɗe ina ɗauka ni na koya wa Kaka darasi. Sai daga baya na gane ta fi ni sanin tatsuniyarta. Ƙofar Kano a hannun wasu take, ƙofar titi a hannun sanyi. Waccan 'yar kafa ce kaɗai ƙofar da take da iko da ita a duk London. Har fasfonta ya dawo ba ta ƙara taɓa ta ba, sai dai kullum ta ja kujerarta nesa da ita, ta harare ta, sannan ta fara tatsuniya.