Phulchand Maravi, Wanda Hotonsa Ya Tashi Garinsu

An haifi Phulchand Maravi a shekarar 1951 a Jhiriyatola, wani ƙauyen ƙabilar Gond da ke tsakiyar kurmi a jihar Madhya Pradesh. Mahaifinsa Gendlal manomi ne mai kiwon ɓauna, mahaifiyarsa Sukko Bai kuma tana tsintar furen itacen mahuwa ta kai kasuwa. Shi ne na biyu, bayan wansa Jethu.

Karatu da sana'a

Karatunsa bai wuce firamare ba, domin a 1968, shekarar da fari ya ƙone gonaki, aka tura shi Jabalpur aikatau a wani shagon hoto, inda ya daɗe yana wanke fim a ɗakin duhu kafin maigidan ya yarda ya taɓa kyamara. Daga 1975 ya shiga duniya da tsohuwar kyamararsa, yau yana kangayen fadar Mandu, gobe yana haikalan Khajuraho, jibi yana Assam yana fakon karkanda cikin fadama. Mujallu sun yi ta buga aikinsa, sau da yawa ko sunansa babu, shi kuwa abin da ya sa a gaba shi ne damisa mai ratsi, wadda ya yi ta bi kurmi-kurmi tana ba shi wahala.

Aure da iyali

A 1977 ya auri Kaushalya Bai, suka zauna a Jabalpur. Sun haifi 'ya'ya huɗu, ta farko ta rasu tana goye, aka kai ta Jhiriyatola aka binne kusa da kakanta Gendlal. Tun a bakin kabarin ya shaida wa dangi cewa duk inda ajali ya riske shi, nan za a kawo shi.

Hoton 1988

Abin da ya nema a nesa ashe yana garinsu. Wata damisa ta yi shekara da shekaru tana shan ruwa a tafkin Jhiriyatola, kowa ya san ta, takan ɗauki maraƙi jifa-jifa, amma al'adar garin ita ce a yi gum, saboda sun ga yadda gwamnati ta tashi ƙauyukan da aka tabbatar akwai damisa a cikinsu domin a kare ta. A bazarar 1988 Phulchand ya ɗauke ta hoto da 'ya'yanta uku, rufin gidajen garin na bayanta. Jethu ya roƙe shi kada ya fitar.

"Haba ƙane, mu da muke kwana da ita ba mu faɗa wa kowa ba, sai kai mai baƙin akwati?"

Phulchand ya yi dariya, ya ce wa zai kula da hoto ɗaya. Aka buga shi a wata mujalla, har da sunan garin a ƙasa, ya samo masa lambar yabo da shuhurar da ya daɗe yana ƙishirwarta. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Ba a jima ba jami'an gandun daji suka iso da mujallar a hannu, kuma a 1991 aka shigar da Jhiriyatola cikin haramtaccen yankin gandun damisa, aka kwashe al'ummar a manyan motoci zuwa wani tsandauri a bakin titi. Ranar tashi, Jethu ya dube shi ya ce, "To, maigida, ga hotonka nan, sai ka noma mana shi." Daga nan bai ƙara yi masa magana ba har Jethun ya bar duniya a 2003.

Shekarun ƙarshe

Phulchand bai daina aiki ba, amma masu hulɗa da shi sun ce baƙin ciki ya cinye shi, kuma bai sake zuwa bikin dangi ba sai an matsa. Daga 2009 idanunsa suka fara dushewa. Ya yi ta zarya ofisoshi yana neman alfarma guda, a bar shi ya kwanta kusa da 'yarsa da mahaifinsa in rai ya yi halinsa, ana ce masa ya dawo gobe. Wani jami'i ma cewa ya yi, "Baba, ai kai ka nuna mana wurin," sannan ya nemi ya sa masa hannu a kan hoton.

Rasuwa

Ya rasu a damunar 2016 yana da shekara sittin da biyar. Iyalansa suka kai gawar har ƙofar gandun domin cika wasiyya, aka ce musu doka ba ta san gawa ba, kuma wata damisa na jego a tsohuwar maƙabartar. Suka juyo, aka binne shi a sabon matsugunin, bayan makarantar firamare, cikin mutanen da da yawansu ba su fito jana'izar ba.

Ya bar matarsa Kaushalya Bai da 'ya'ya uku: Devki, ungozoma a Jabalpur, Santram, wanda ya gaji kyamarar yana hoton bukukuwan aure, da autansu Mohar, direban motar masu yawon buɗe ido a cikin gandun. Safe da yamma Mohar yana wucewa da baƙi ta gefen kaburburan kakanninsa, kuma doka ba ta yarda ya sauko daga mota ba.